TSOHON HASKE: TSAKANIN "YA TAƁA YI" DA "HALINSA NE"

Gabatarwa

'Yan'uwa marubuta, a wannan fitowa muna so mu ɗan jingine zancen ƙa'idojin rubutu da tsadar ɗab'i, mu tattauna wata tambaya da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya. Tambayar ita ce: shin adalci ne a hukunta mutum yau da labarin abin da ya aikata jiya? In kuwa ba adalci ba ne, to da me za a auna shi, tun da yake duk abin da muka sani game da kowa abu ne da ya riga ya wuce? A bakin wata gona muka tsinci wannan tambaya, a bayan garin Kanya Babba ta ƙaramar hukumar Babura a Jihar Jigawa, cikin wani dare na watan Nuwamba 2023, bayan mun riga mun tafka kuskuren da har yau muke cizon yatsa a kansa.

Aiken Da Ya Kai Mu

Yayanmu ne ya aike mu. Wani saurayi ya fito neman auren 'yarsa, yaron kuwa ɗan wani ƙauye ne a wannan yanki, shi ne aka ce mu je mu yi binciken asali kamar yadda aka saba. Muka sauka da hantsi a wani gari da ke maƙwabtaka da ƙauyen, aka haɗa mu da wani dattijo da aka ce ya san gidan. Da muka ambaci sunan mahaifin yaron sai ya yi shiru, ya kaɗa kai, sannan ya ce ai mutumin nan an taɓa kama shi da satar san noma, har ya yi zaman gidan kaso. Muka tambayi mutum na biyu, ya ce haka ne, shi ma ya ji. Ba mu tambayi yaushe ba, ba mu kuma ƙarasa cikin ƙauyen ba. Kafin la'asar mun buga waya gida mun ce, "Yaya, a haƙura da maganar nan, gidan ɓarayi ne."

Da yamma ta yi mana sai muka yada zango a Kanya Babba, gidan wani tsohon abokinmu malamin makaranta. Bayan sallar isha'i, an ci tuwo an wanke hannu, muka kwashe labari muka gaya masa, har muna jin daɗin cewa mun tserar da 'yarmu. Bai ce mana uffan ba. Can sai ya miƙe ya ce, "Malam, ku taso mu ɗan taka, akwai abin da nake so in nuna muku."

Muka fita bayan gari. An riga an girbe gero, karan dawa ya bushe, hazon hunturu bai sauko ba tukuna, wata kuma bai fito ba. Ya ce mu sa waya a aljihu mu dakata, domin ido yana bukatar wajen minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu. Da muka daɗe a tsaye sai ya nuna mana wasu taurari huɗu kusan tsakar ka, sun yi kusurwa huɗu kamar an shata filin gini. Ya ce malaman hisabi na kiran biyu daga ciki Far'u Muƙaddam, biyun kuma Far'u Muwahhar. Daga kusurwar arewa maso gabas ya sa muka ƙirga tauraro biyu, muka tsaya a kan wani mai ɗan ja-ja, wato Baɗanul Hutu, na cikin jerin taurari 28 da ake lissafin damina da rani da su. Daga nan muka karkata wajen arewa muka bi wasu ƙanana guda biyu. Ya ce, "To ku duba gefen na biyun."

Muka ƙura ido ba mu ga komai ba. Ya ce kada mu ƙura masa ido kai tsaye, mu ɗan kauda kallonmu gefe, saboda gefen ido ya fi tsakiyarsa kama haske mai rauni. Muna kaudawa kuwa sai ga shi: wani ɗan fari-fari mai tsawo, kamar an shafa toka da yatsa a jikin baƙin allo. Ya bari muka kalle shi sosai, sannan ya ce, "Wannan hasken da ya shiga idonku yanzu, shekara miliyan 2 da rabi ke nan da ya baro gida. Ni dai na san shekarun nawa labarin. Ku naku labarin, Malam, shekararsa nawa?"

Faya-fayan Taurari

Kafin mu shiga cikin tambayar, ya kamata mai karatu ya san abin da muka gani. Wani makeken gari ne na taurari wanda masana sararin samaniya ke kira Andiromeda. Sun ƙiyasta cewa taurarin da ke cikinsa sun kai wajen tiriliyan 1, wato miliyan sau miliyan, kowannensu kuwa rana ce, wata ta fi tamu girma, wata ba ta kai ta ba. In aka ɗauki hotonsa da babban madubin hangen nesa, siffarsa ba ta da maraba da faifan da iyayenmu mata ke ɗinkawa da kaba: cibiya a tsakiya, sannan ɗinki ya yi ta naɗewa yana zagaya ta har ya kai baki. Don haka a wannan rubutu za mu kira irinsa faifan taurari. Abin da ido ke iya kamawa cibiyar ce kurum. Da za a ga faifan gaba ɗayansa, da ya kai tsawon wata shida an jera su a sama.

Mu kanmu a cikin wani faifan muke zaune. Farin zanen nan mai kama da hayaƙi da ke ratsa sama a daren duhun wata, wanda Larabawa ke kira Majarra, shi ne namu faifan, muna hangen sa daga ciki, kamar tururuwar da ke tafiya a kan faifai, ba ta ganin zagayensa sai layin da ke gabanta. Andiromeda shi ne babban maƙwabcinmu mafi kusa. Ba nisa da shi a sama akwai wani ƙarami da ake kira M33, wanda sai mai kaifin ido a wuri mai tsananin duhu ke iya tsinkayar sa. Irin waɗannan sunaye masu lamba sun samo asali ne daga jerin da wani Bafaranshe, Charles Messier, ya tsara a ƙarni na 18.

Idan bazara ta zo kuma, a kan ga wasu taurari bakwai a arewa da dare, waɗanda Larabawa ke kira Banatu Na'ashi, wai huɗun makara ce, ukun kuma 'yan mata ne masu bin ta a baya. A kusa da 'yan matan nan akwai faya-fayai biyu, M51 da M101, kowanne nisansa ya haura tafiyar haske ta shekara miliyan 20. A ɗaya ɓangaren makarar kuma akwai M81, mai nisan wajen miliyan 12. Waɗannan sai da tabaron hangen nesa. A jikin M51 ne aka fara gane cewa ashe a naɗe suke, lokacin da Lord Rosse ya dube shi a ƙasar Ayalan a shekarar 1845 da wani madubi mai faɗin inci 72.

Gani Ma Ji Ne

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, mu ma a kan haka muka tashi. To amma sama ta nuna mana cewa shi ganin ma wani irin ji ne, domin haske manzo ne, kuma manzo sai ya yi tafiya kafin ya iso. Yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, babu abin da ya fi shi sauri, amma duk da haka yana ɗaukar lokaci. Watan da muke dubawa ranar jajibiri, wata ne na daƙiƙa ɗaya da 'yan kai da suka wuce. Ranar da ke dukan manomi a gona, hasken minti 8 da suka wuce ne. Kaza da 'Ya'yanta, waɗanda kowane yaro a karkara ya sani, haskensu ya yi wajen shekara 440 a hanya, wato ya taso tun kafin a haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754 da shekara ɗari da ɗoriya. Shi kuwa na Andiromeda, lokacin da ya kamo hanya babu gari ko ɗaya a doron ƙasa, babu rijiya, babu gona.

Ƙa'idar dai ɗaya ce: gwargwadon nisan abu, gwargwadon tsufan labarinsa. Haka kuma abin yake tsakanin mutane. Matar mutum ta san shi na yau da safe. Maƙwabcinsa ya san shi na wannan mako. Abokin da suka rabu tun suna makaranta ya san shi na shekara ashirin baya, in ka tambaye shi kuwa zai ba ka labari da cikakken yaƙini, kuma bai yi ƙarya ba, illa dai hasken da ya iso gare shi ke nan. Dattijon da ya ba mu labari, daga baya muka gano cewa ya bar ƙauyen nan da daɗewa. Agogonsa game da wannan gida ya tsaya ne tun ranar da ya ɗaure kayansa.

Hujjar Masu Cewa Hali Zanen Dutse

Ba za mu yi wa ɗaya ɓangaren rowar magana ba, domin suna da hujja mai ƙarfi. Za su ce: to sai me? Tsohon haske ai ba ƙarya ba ne. Andiromeda ya kasance yadda muka gan shi, mutumin nan kuma ya saci san. Magabata da suka ce hali zanen dutse, suka ce mai hali ba ya fasa halinsa, suka ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, ba wawaye ba ne, sun ga jiya sun ga yau. Uban da zai ba da 'yarsa ba shi da wata fitila da zai haska gobe da ita sai abin da ya wuce. In aka ce ya rufe ido ga tarihi, an ce ya jefa 'yarsa rijiya ke nan da sunan kyautata zato. Su kansu masanan taurari da tsohon hasken nan suke aiki, da shi suke auna nauyin faifan da saurinsa, ba su taɓa cewa a zubar da shi don ya tsufa ba.

Wannan magana gaskiya ce, mun kuma karɓe ta. Sai dai akwai wani lissafi da masanan ke yi wanda mu ba mu yi ba. Sukan gwada tsufan labari da saurin canjawar abin da ake ba da labarinsa. Ranarmu, alal misali, tana ɗaukar wajen shekara miliyan 230 kafin ta zagaya cibiyar faifanmu sau ɗaya. Ke nan shekara miliyan 2 da rabi a wurin faifan taurari wajen kashi ɗaya cikin ɗari ce na zagaye guda, kamar labarin jiya da yamma ne. Shi ya sa masani zai iya cewa siffar Andiromeda ta yau ba ta da wani bambanci da wadda muke gani. Ɗan Adam fa? Shekara 30 a wurinsa rabin rayuwa ce. A cikinta yaro kan zama uba, mai faɗa kan zama mai raba faɗa, mai dukiya kan koma neman na cefane. Wanda ya ɗauki labarin shekara 30 ya ɗora wa mutum a matsayin na yau, ya auna ɗan Adam da mudun da ake auna taurari.

Inda Kuskuren Yake

A nan ne maganar ta shigo gonarmu, mu masu sana'ar kalmomi. Dattijon nan cewa ya yi, "An taɓa kama shi." Mu kuma muka ce, "Gidan ɓarayi ne." Duk ɗalibin nahawu zai ga abin da ya faru tsakanin jimlolin nan biyu. Ta farko tana da aikatau, tana da lokaci, shuɗaɗɗe, har da kalmar "taɓa" mai nuna sau ɗaya. Ta biyu ba ta da aikatau, ba ta da lokaci, sai suna da "ne". Mun cire wa labarin kwanan watansa, mun mai da aiki ya zama suna, mun mai da mutum ɗaya ya zama jam'i, sannan muka rataya wa gida guda, har da yaron da ba a haifa ba lokacin da abin ya faru. Ba mu ƙirƙiri ƙarya ko ɗaya ba, amma abin da ya isa kunnen Yayanmu shaidar zur ce.

Saboda haka amsarmu ga tambayar da muka buɗe da ita ita ce: halal ne a yi aiki da jiyan mutum, tun da ba mu da wani abu sai shi, amma da sharaɗin a faɗi shekarun labarin, a kuma nemi na bayansa. Masanin taurari ba ya cewa "ga yadda yake", cewa yake yi "ga yadda yake a lokacin da hasken ya taso". Shi kuma uzurinsa a fili yake, ba shi da hanyar zuwa can ya gano sabon labari. Mu kuwa tsakaninmu da ƙauyen nan tafiyar 'yan mintoci ce a kan babur. Lalaci ne ya hana mu, da kuma daɗin da rai ke ji in ya sami mummunan labari, domin abin kunya kamar cibiyar faifan nan yake, shi ne ya fi haske, shi ido ke fara kamawa daga nesa. Sauran rayuwar mutum, shekarun haƙuri da riƙon amana, haskensu mai rauni ne, sai an daure an tsaya cikin duhu, an kuma kalli gefe: a tambayi wanda ya ba shi bashi, da wanda gonarsu ke iyaka, da matar da ta yi zaman maƙwabtaka da matarsa.

Ladabin Masu Awo

Tarihin binciken wannan ɗan fari-fari ma darasi ne. Wanda ya fara rubuta labarinsa, a iyakar abin da ya iso ga mutane, shi ne Abdurrahman al-Sufi, masanin taurari na ƙasar Farisa, a littafinsa Suwarul Kawakib na wajen shekarar 964. Ya kwatanta shi da ɗan gajimare, ya nuna wurin da yake, ya tsaya a nan. Abin da idonsa ya gani ya faɗa, bai ƙara gishiri ba, shi ya sa bayan fiye da shekara 1,000 maganarsa ba ta zube ba.

An daɗe ana gardama a kan ko gajimaren nan a cikin faifanmu yake ko a waje. A shekarar 1912 wata mata a Amurka, Henrietta Leavitt, ta gano cewa akwai wasu taurari masu ƙaruwa da raguwar haske a kan ƙa'ida, waɗanda za a iya auna nisa da su. A watan Oktoba 1923 Edwin Hubble ya tsinci irin wannan tauraro a cikin Andiromeda, aka kuma bayyana sakamakonsa ranar 1 ga Janairu 1925: nisansa wajen tafiyar haske ta shekara 900,000 ne, ke nan gari ne mai zaman kansa. Ya yi daidai a kan cewa a waje yake, amma awonsa bai kai rabin gaskiya ba. A 1952 Walter Baade ya nuna cewa an haɗa taurari iri biyu an ɗauke su ɗaya, aka ninka nisan, aka ci gaba da gyara har aka iso ga miliyan 2 da rabi na yau. Haka kuma an san cewa Andiromeda yana matsowa wajenmu da gudun wajen kilomita 110 a daƙiƙa. A 2012 masana a Amurka suka ba da sanarwar cewa zai yi karo da faifanmu nan da wajen shekara biliyan 4. A 2025 wasu masanan, ƙarƙashin jagorancin Till Sawala na Jami'ar Helsinki, suka sake lissafi da sababbin awo, suka ce abin rabi da rabi ne, yana iya faruwa cikin shekara biliyan 10, yana iya ƙin faruwa.

Abin lura shi ne babu wanda ya ɗauki gyaran nan a matsayin abin kunya. Kowa ya faɗi awonsa ya bar ƙofa a buɗe. Mu kuwa in muka yanke wa mutum hukunci sau ɗaya, sai mu ɗauki komawa baya tamkar faɗuwar girma, har mu riƙa neman abin da zai tabbatar da zatonmu, alhali mun sani sarai zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Ɗaya Gefen Faifan

Kada mai karatu ya ɗauka cewa mugun suna kaɗai ke tsufa. Ranar 19 ga Mayu 2023 wani mutumin Japan mai suna Koichi Itagaki, wanda kallon taurari sha'awa ce a wurinsa, ya hangi wani sabon haske a jikin M101, kusa da 'yan matan nan masu bin makara. Wani ƙaton tauraro ne ya fashe ya mutu. Da aka koma ga hotunan da aka ɗauka a shekarun baya, sai ga tauraron yana nan yana haskawa lafiya lau. Alhali nisan wurin wajen shekara miliyan 21 ne, wato duk tsawon lokacin da ake ɗaukar hotonsa ya daɗe da zama tarihi, sanarwar rasuwar ce ba ta iso ba.

Mutum nawa muke girmamawa a kan hasken da ya daɗe da mutuwa? Akwai wanda ya yi gaskiya sau ɗaya yana saurayi, ya shekara talatin yana cin amana a inuwar wannan suna. Akwai gidan da ake rububin ba su aure don kakansu malami ne, ba a tambayi abin da jikan ke yi ba. Mu ma marubuta kada mu cire kanmu. Akwai a cikinmu wanda ya rubuta littafi ɗaya mai kyau shekara ashirin baya, tun daga nan bai sake zama ya yi wahalar gyara jimla ba, amma har gobe shi ke zama a kujerar gaba yana yanke wa na baya hukunci. Mafi wuyar ganewa kuma shi ne hoton da mutum ke riƙe da shi na kansa, domin shi ma sau da yawa tsohon haske ne. Adalcin da ya hana mu kama mutum da tsohon laifi, shi ne kuma ya hana mu sake masa da tsohon yabo.

Abin Da Ya Rataya A Wuyan Marubuci

Maganar baka takan mutu tare da masu faɗinta, amma abin da aka buga a takarda yana nan yadda aka bar shi. Marubucin da ya siffanta wani mutum, ko wani gari, ko masu wata sana'a da abin da ya ji shekarun baya, bai kuma faɗi lokacin ba, ya harba hasken da zai yi ta tafiya bayan ransa, yana shiga idon waɗanda ba su da hanyar tantancewa. Don haka muna kira ga masu rubutun tarihi da na jarida a cikinmu da su riƙa sa wa kowane zargi shekararsa, su kuma tambayi kansu ko sun nemi abin da ya biyo baya.

Masu ƙagaggun labarai kuma, musamman masu tasowa, mu duba taurarin labaranmu, tun da ma sunan da muke kiran su ke nan. Sau nawa muke buɗe littafi mu tarar da kishiya muguwa ce daga shafin farko har na ƙarshe, ɗan mai kuɗi lalatacce ne, wanda ya taɓa shiga kurkuku kuwa ba a sake ambatar sa sai in an yi sata? Irin wannan rubutu yana da sauƙi, amma yana koya wa mai karatu ɗabi'ar da ta kai mu ga kuskure, wato ya ji abu ɗaya game da mutum ya rufe littafinsa. Labarin da ya amsa sunansa shi ne wanda ya bi mutum a cikin lokaci, ya nuna abin da shekaru suka yi masa da abin da ya yi da su. In mugun zai dawwama a kan muguntarsa, to a nuna mana yadda ya sami damar juyawa ya ƙi. Wannan ya fi wuyar rubutawa, amma shi ya fi kama da mutanen da muke zaune da su.

Kammalawa

Gari na wayewa muka hau babur muka shiga ƙauyen. Abin da muka tarar shi ne satar ta faru fiye da shekara 30 baya, lokacin mutumin yana saurayi ko aure bai yi ba. Ya yi zaman da aka yanke masa, ya dawo ya kama noma, kuma shekara da shekaru ke nan a hannunsa mutanen unguwa ke ajiye kuɗin gyaran rijiyarsu. Wanda aka sace wa san ma ya rasu suna gaisawa. Muka ga mutumin da idonmu yana ɗaure dami, ya yi mana sannu da zuwa, ya sa aka kawo mana ruwa, bai san ko mu su wane ne ba.

Muka fita gefe muka buga waya. Yaya ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce, "Na ji, kuma na yarda da kai. Amma jiya da dare na gaya wa uwar yarinya, ita kuma ta gaya wa danginta, an riga an aika musu su nemi wani wuri. Yanzu in na ce na fasa fasawa, da wane baki zan yi wa mutane bayani?" Mun yi iya ƙoƙarinmu a makonnin da suka biyo baya, amma magana zarar bunu ce. Gyaranmu ya taso a bayan kuskurenmu da dare ɗaya tak, kuma har yau bai cim masa ba, duk gidan da ya shiga sai ya tarar kalmomin nan uku sun riga shi zama. Auren bai yiwu ba. Ko da alheri ne ko ba alheri ba, Allah kaɗai Ya sani, mu dai mun san cewa ba a kan gaskiyar yau aka yanke shi ba, kuma da bakinmu aka yanke.

Muna roƙon duk ɗan'uwan da ya karanta wannan, idan kaka ta zagayo, ya sami dare ɗaya na duhun wata ya fita bayan gari, ya nemi Baɗanul Hutu, ya karkata arewa, ya ga ɗan fari-farin nan da idonsa. Sannan duk ranar da aka kawo masa labarin wani, kafin ya ɗauki alƙalami ko waya, ya yi wa mai labarin tambayar da malamin makarantar nan ya yi mana: shekararsa nawa? Allah Ya ba mu ikon gyarawa, Ya kuma yafe mana abin da harsunanmu suka ɓata.